Hannu Biyu a Madadin Ƙungiya: Tarke a kan Rayuwa da Kiɗan Mamman Sani Mai Ogan

1.0 Gabatarwa

Tun daga lokacin da aka fara nazarin waƙoƙin baka na Hausa a jami'o'inmu, mafi yawan ƙarfinmu ya tafi ne a kan abin da mawaƙi ya furta. Mukan rubuta matanin waƙa, mu fito da jigonta, mu bi zubinta da salonta, sa'an nan mu rufe littafi alhali ba mu ce uffan ba game da hannuwan da suka riƙe wa mawaƙin kiɗa. A wannan takarda za mu yi ƙoƙari mu duba rayuwa da aikin wani makaɗi wanda ya tilasta wa mai nazari ya saurari kiɗa shi kaɗai, domin kuwa mafi yawan abin da ya ajiye mana ba shi da kalmomi. Wannan makaɗi shi ne Mamman Sani Abdullahi na Jamhuriyar Nijar, mai kaɗa ogan, watau ɗaya daga cikin dangin kayan kiɗan nan masu madannai da Bahaushe ya haɗa su duka ya kira su fiyano.

Dalilin zaɓensa shi ne wata magana da ta daɗe tana yawo a bakin dattawa da malamai, cewa fiyano ne ya kashe kiɗan Hausa. Mu a ganinmu hukuncin ya yi gaggawa. Za mu nuna cewa abin da ya kamata a tuhuma shi ne inda mai fiyano yake ɗauko gindin kiɗansa, kuma aikin Mamman Sani ya ishe mu ma'auni a kan haka, duk da raunin da za mu nuna yana da shi.

2.0 Matsayin Mai Kaɗawa a Waƙar Hausa

A cikin 1971 Ames da King suka buga ƙamus ɗinsu na kayan kiɗan Hausa da wuraren da ake amfani da su, a cikin 1975 kuma Ɗandatti Abdulƙadir ya kammala digirinsa na uku a Jami'ar Indiyana a kan Mamman Shata. Daga cikin hanyoyin nan biyu, ta biyun ce ta sami magoya baya, watau nazarin mawaƙi da kalmominsa. Ba za mu ga laifin manazarta ba, domin al'adar ce da kanta ta aza mawaƙi a gaba. Kowa ya san Narambaɗa da Ɗanƙwairo da kotso, ya san Salihu Jankiɗi da taushi, ya san Shata da kalangu. Amma in an tambayi sunayen waɗanda suka riƙe waɗannan kayan kiɗa a bayansu, in ba wanda jagoran ya ambata da bakinsa a cikin waƙa ba, kaɗan ne daga cikinmu za su iya kawo ko da biyu.

Ƙungiyar kiɗan Hausa kuwa ta tsayu ne a kan rabon aiki. Jagora yana kawo ɗiyan waƙa, 'yan amshi suna riƙe da gindinta. Haka abin yake a tsakanin gangunan kansu: a kiɗan kalangu, ƙananan ganguna irin su kuntuku da ɗan karɓi suna maimaita bugu guda ba canji, shi kuma babban kalangu yana hawa a kansu yana magana. Saboda haka a kowane lokaci akwai mai riƙewa, akwai mai yawo. Ko waɗanda suka yi suna da kaɗaici, kamar Ɗan Maraya Jos da kuntiginsa mai tsirkiya ɗaya, da hikimar bakinsu ake tuna su. Har ila yau, kiɗan da muke cewa ba shi da waƙa, kamar taken sarki a bakin kakaki da algaita, ko kirarin mahauta a kan kalangu, magana ce aka mayar cikin kiɗa, kuma wanda ya san gari kalmomin yake ji. Ashe ke nan kiɗa tsurarsa, wanda ba ya yabo ba ya zambo ba ya kiran sunan kowa, ba shi da mazauni a tsarinmu. Wannan batu zai taimaka mana wajen fahimtar abin da ya sami Mamman Sani.

3.0 Mai Fiyano da Mai Bes a Kiɗan Rok

Kafin mu je gare shi, ya kamata mu leƙa inda sana'ar tasa ta fi bunƙasa a zamaninsa, domin mu sami abin kwatance. Ƙungiyar kiɗan rok ta Amurka da Ingila takan ƙunshi mawaƙi, da mai jita, da mai ganguna, da mai wata jita mai kaurin murya da ake kira bes. Aikin mai bes shi ne ya ɗaure bugun ganguna da karin waƙa, ya yi ta maimaita wata gajeruwar gaɓa a ƙasa, domin sauran su sami abin takawa. In muka auna da namu, aikinsa ya yi daidai da na 'yan amshi da kuntuku a haɗe.

An sami makaɗa biyu da suka haɗa wannan aiki da na fiyano. Na farko shi ne Ray Manzarek, wanda aka haifa a Cikago a 1939, ya mutu a Jamus a 2013. Ƙungiyarsu ta The Doors, wadda suka kafa a Los Anjalis a 1965, ba ta da mai bes a kan dandamali. Sai ya ɗora wani ƙaramin fiyanon bes ƙirar Fender Rhodes a kan ogan ɗinsa ƙirar Vox, hannun hagu yana riƙe da gindin kiɗa, na dama yana yawo. Na biyu shi ne John Paul Jones na ƙungiyar Led Zeppelin ta Ingila, wadda ta yi aiki daga 1968 zuwa 1980. Shi asalin aikinsa a ƙungiyar bes ne, amma in waƙa ta bukaci ogan sai ya zauna a kansa, ya mayar da aikin bes ga madannan da ake takawa da ƙafa.

Abin lura biyu ne a nan. Na ɗaya, fiyano ya ba mutum guda damar ya zama mai riƙewa kuma mai yawo a lokaci ɗaya, abin da a da sai an tara mutane. Na biyu, waɗannan makaɗa an san su da sunayensu, domin an rubuta su a bangon kowane faifai, kuma masu sharhi sun auna su da abin da hannuwansu suka yi. Mamman Sani ya sami dama ta farkon, ya rasa ta biyun har tsawon shekara talatin da biyar.

4.0 Taƙaitaccen Tarihinsa

An haifi Mamman Sani a Ankara ta ƙasar Gana a farkon shekarun 1950, mahaifinsa mutumin Nijar, mahaifiyarsa mutuniyar Gana. Ya girma a Nijar, ya yi karantarwa, daga baya ya yi aiki da hukumar ilimi da kimiyya da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, watau UNESCO. A wajen wani taro na wannan hukuma ne ya ga wani wakili daga Ruwanda da ogan ƙirar Orla ta Italiya, ya roƙe shi har ya sayar masa. Wannan ya faru a cikin 1974, shekarar da Seyni Kunce ya karɓe mulki daga hannun Diori Hamani. Gwamnatin Kunce ta farfaɗo da samariya, ta ba wasannin matasa da kiɗe-kiɗen gargajiya na kowane yanki muhimmanci, domin a gina ƙasa ɗaya daga Hausawa da Zabarmawa da Filani da Buzaye da Barebari. A cikin wannan yanayi ne mai ogan ya fara aiki, kuma alamar hakan ta fito a abin da ya zaɓa ya kaɗa: ya ɗauki karin waƙoƙin gargajiya na Nijar, har da na Filanin Bororo da na Buzaye, ya zuba su a kan madannai, ya kuma ƙaga nasa na kansa.

Kamar yadda kamfanin da ya sake buga aikin ya bayyana, a cikin 1978 ne ya shiga ɗakin ɗaukar murya na gidan rediyon ƙasa a Yamai, ya ɗauki kaset ɗinsa na farko. An yi ɗaukan ne hawa biyu, watau ya kaɗa sashe ɗaya, sa'an nan ya saurare shi ya ɗora na biyu a kai. An shirya fitar da kaset ɗin tare da ma'aikatar al'adu, amma shirin bai yi nisa ba, kwafi kaɗan ne suka shiga hannun mutane. Inda kiɗan ya sami rayuwa shi ne rediyo da talabijin na Nijar, waɗanda suka shekara da shekaru suna sa shi a tsakanin shirye-shirye da kuma ƙarƙashin muryar mai sanarwa. Ta haka mutanen Maraɗi da Damagaram da Tawa suka haddace shi.

Sai a cikin 2013 wani Ba'amurke, Christopher Kirkley, mai kamfanin Sahel Sounds, wanda ya ci karo da kaset ɗin a wata ma'ajiya a Yamai, ya sake buga shi a faifai da sunan La Musique Electronique du Niger. A 2014 kamfanin ya fitar da Taaritt, wanda aka ɗauka a Nijar da Faransa a rabin ƙarshe na shekarun 1980, a 2015 kuma ya fitar da wasu kaset-kaset na 1981 zuwa 1984 da ba a taɓa bugawa ba. Daga nan ne sunansa ya shiga jaridun Turai da Amurka a matsayin ɗaya daga cikin magabatan kiɗan na'ura a Afirka ta Yamma.

5.0 Tarken Kiɗansa

5.1 Inda Ya Dace

Wanda ya saurari faifan farko, musamman kiɗan da ya sa wa suna Salamatu, zai lura da cewa zubinsa ba baƙo ba ne a kunnen Bahaushe. A ƙasa akwai gajeruwar gaɓa da ke dawowa ba fasawa, a sama kuma akwai kari guda siriri da ke fita ya yi ɗan zagaye ya komo ya sauka a inda ya taso. Wannan shi ne zubin gindi da ɗiya. Bai bi hanyar kiɗan Turai ba, inda akan yi ta sauya rukunin muryoyi ana kai mai sauraro ga wani ƙololuwa. Shi nasa a wuri ɗaya yake kewayawa, kamar yadda 'yan amshin Shata za su riƙe gindi guda na tsawon waƙa ba wanda ya ƙosa. Ɗaukan nan mai hawa biyu da muka ambata ya ƙara fito da wannan siffa, domin ya ba shi damar ya zama jagoran kansa kuma ɗan amshin kansa.

Na biyu, ya yi tsimi wajen zaɓen muryoyi. Fiyano yana da matakan murya goma sha biyu a kowane zango, alhali yawancin waƙoƙin yankinmu a kan matakai biyar suke tafiya. Jarabar da kan kama sabon mai fiyano ita ce ya taɓa duk abin da ke gabansa. Mamman Sani ya fi tsayawa a kan 'yan matakan da karin gargajiya ya bukata, ya bar fili a tsakaninsu. Wannan kamewa ita ce ta sa kiɗan ya yi kama da na gida ko da yake na'urar daga Italiya ta fito.

Na uku, ya gane halin abin kiɗansa. Fiyano na ainihi guduma ce ke bugun waya, saboda haka muryarsa tana fara mutuwa da zarar an taɓa shi. Ogan kuwa muryarsa tana nan muddin yatsa yana kan madanni. Wannan ya kusantar da shi ga goge, da kuma algaita, wadda mai busa ta yake jan numfashi ta hanci yana fitarwa ta baki ba tare da sautin ya yanke ba. Waƙoƙin Bororo su ma an san su da jan murya mai tsawo, wani na ɗauka kafin wani ya ajiye. Da ogan irin wannan kari yana shiga ba tare da an karya shi ba. A nan za mu ce sa'a ta gamu da basira, domin abin da ya faɗo hannunsa a 1974 ya dace da waƙoƙin da ya tashi yana ji.

5.2 Inda Ya Gaza

Duk da haka, tarke ba ya cika sai an faɗi rauni. Babban raunin wannan kiɗa yana wajen bugu. Ogan irin nasa yana zuwa da wata 'yar na'ura a ciki mai fitar da bugun ganga da aka riga aka tsara a masana'anta, kuma a kanta ya dogara. Na'urar ba ta gaggawa, ba ta jinkiri, ba ta kuma san an shigo fili ba. Makaɗin kalangu kuwa idonsa yana kan mai rawa, in ta ɗaga ƙafa ya bi ta, in ta gaji ya sassauta. Wannan ba-ni-in-ba-ka ita ce ran kiɗan dandali, kuma babu ita a nan. Shi ya sa kiɗan Mamman Sani ya fi dacewa da zama da tunani bisa ga rawa.

Rauni na biyu ya shafi harshe. Hausa harshe ne mai karin sauti, akwai na sama da na ƙasa da faɗau. Kalangu yana iya magana ne saboda makaɗi yana matse tsirkiyoyinsa a hammata yana saki, murya tana zamewa daga sama zuwa ƙasa kamar ta mutum. Madannan ogan kuwa kowane da muryarsa a kafe, babu zamiya a tsakaninsu. Don haka ogan yana iya ɗaukar karin waƙa, amma ba ya iya kiran take yadda mai shi zai ji tsikar jikinsa ta tashi. In muka tuna abin da muka faɗa a sashe na biyu, za mu ga dalilin da ya sa aka ajiye wannan kiɗa a matsayin na cike gurbi: al'ummar da ta saba jin magana a cikin kiɗa ta saurara ba ta ji an kira kowa ba, sai ta ɗauka shimfiɗa ce ake yi wa mai magana da ke tafe.

Game da Taaritt, an sami ƙarin na'urori da tsabtar ɗauka, sauti ya yi kauri. Amma a namu kunnen faifan farko ya fi shi tasiri, domin ƙarancin kayan aiki ya sa kowace murya a cikinsa tana da aikin da take yi.

6.0 Fiyanon Kano a kan Wannan Ma'auni

Yanzu sai mu komo gida. Abdalla Uba Adamu ya nuna a rubuce-rubucensa yadda fiyanon Yamaha ya shiga ɗakunan ɗaukar murya na Kano, irin su na Iyan-Tama, a cikin shekarun 1990, da yadda kiɗan fim ɗin Sangaya na 1999 ya zama abin koyi ga waɗanda suka biyo baya. A wannan shekara ce kuma Shata ya rasu, shi ya sa mutane da yawa suke ganin kamar ɗaya ne ya tura ɗaya kabari. A ƙauyuka da garuruwan kudancin Kano, kamar Badafi da Ƙiru da Bebeji har zuwa Tudun Wada da Doguwa, sauyin ya bayyana a gidan biki, inda mutum guda da lasifika yakan tsaya a gurbin da a da makaɗan kalangu da maroƙansu suke cin abinci. Kukan da dattawa ke yi yana da tushe, domin sana'ar gado ce ke tsukewa.

Sai dai ya kamata mu bambance tsakanin abin kiɗa da yadda aka riƙe shi. Irin waɗannan fiyano na Yamaha suna da wani tsari wanda in mai kiɗa ya danna madanni biyu ko uku da hannun hagu, na'urar za ta kawo ganguna da bes da rakiya gaba ɗaya, bisa salon da aka shirya mata tun daga masana'anta. Wanda ya dogara da wannan ya sallama gindin kiɗansa ga wanda bai taɓa jin gangar noma ba, sa'an nan in ya ɗauko karin sama daga fina-finan Indiya, to babu abin da ya rage na gida sai kalmomi. Mamman Sani ya sallama wa na'ura bugu kaɗai, ya riƙe gindi da kari a hannunsa, ya kuma ɗebo su daga waƙoƙin ƙasarsa. Manzarek bai sallama ko ɗaya ba, domin yana da mai ganguna a gefensa. Waɗannan matakai uku ne, kuma da su za mu iya auna kowane mai fiyano a Kano ko Kaduna ko Yamai, mu san wanda ya yi aiki da wanda na'ura ta yi masa. Mun tabbata in an yi wannan awo da adalci za a sami na kirki a cikin samarinmu, waɗanda hukuncin jimla ya zalunta.

7.0 Kammalawa

A cikin wannan takarda mun bi rayuwar Mamman Sani daga sayen ogan a 1974, zuwa kaset ɗin 1978, zuwa sake bayyanarsa a 2013. Mun nuna cewa ya yi nasara wajen zuba tsarin gindi da ɗiya a kan madannai, ya kuma gaza wajen bugu da maganar ganga, waɗanda na'urarsa ba ta da ikonsu. Mun kuma nuna cewa ɓatan sunansa ya samo asali ne daga ɗabi'armu ta ganin mai kaɗawa a matsayin yaron mai waƙa.

Saboda haka muna ba da shawara uku ga sassan Hausa na jami'o'i da kwalejojinmu. Da farko, duk ɗalibin da zai yi nazarin waƙar baka a wajabta masa ya kawo sunayen makaɗan ƙungiyar da abin da kowannensu yake riƙe da shi. Na biyu, a tura ɗalibai yankuna irin na Badafi su ɗauki kiɗan noma da na 'yan mata da na mahauta daga hannun masu shi, ganga ɗaya-ɗaya, domin masu fiyano na gobe su sami inda za su ɗebo gindin kiɗa. Na uku, a nemi haɗin kan gidajen rediyo a binciki ma'ajiyarsu, a rubuta sunan mai kowane kiɗa da ake sawa tsakanin shirye-shirye. Kaset ɗin Mamman Sani ya yi shekara talatin da biyar yana jiran wanda zai zo daga Amurka ya ɗaga shi, alhali manazartan Hausa suna kwana kusa da shi. Bai kamata mu bari a maimaita mana irin wannan ba. Allah ya sa mu dace.